Hukuncin Cin Kawa da Sauran Halittun Ruwa, da Cinikin Kifin da Aka Kama ta Hanyar Ɓarna

Tambaya

Ni ɗan Haɗejiya ne, kuma a gidan fataucin kifi na tashi. Aiki ya kai ni wani gari a bakin teku, abokan aikina suka ja ni wata rumfar cin abinci a cikin kasuwar kifi, inda mutum ke nuna abin da yake so a kan ƙanƙara a gasa masa nan take. Aka kawo mana kawa ɗanya a cikin ɓawonta, da jatan lande, da ƙaguwa. Na ci kifi na bar sauran, don ban san hukuncinsu ba. Kuma na ga sun rubuta a allo cewa ba sa sayar da abin da aka kama ta hanyar da ke ƙarar da kifi a ruwa. Shin wannan magana tana da asali a addini, ko dabarar jawo masu saye ce kawai? Abin da ya sa nake tambaya, a gida ina ganin ana kawo 'ya'yan kifi da ba su kai ɗan yatsa ba kwando-kwando, wani kuma ana raɗe-raɗin da magani aka kashe shi. Ya halatta in saya in sayar?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da iyalansa da sahabbansa.

Kawa da jatan lande da ƙaguwar teku halal ne a mazhabar Imam Malik, wadda ita ce mutanen ƙasarmu suke bi, kuma ba su buƙatar yanka. Da ka ci, babu komai a kanka, matuƙar ba a haɗa su da giya ko naman alade ba. Da ka bari saboda rashin sani, ka yi daidai, don Musulmi ba ya kutsawa cikin abin da bai san hukuncinsa ba. Wannan ɓangare na tambayarka mai sauƙi ne. Na biyun ne mai nauyi, kuma shi ne mutanenmu suka fi sakaci da shi: abu yakan zama halal a ci, amma hanyar da aka bi aka same shi ta zama saɓon Allah.

Dalilan halaccin abin da ke cikin ruwa

A Suratul Ma'ida aya ta 96 Allah Maɗaukaki Ya halatta farautar ruwa da abincinsa, don amfanin mazauna da matafiya, bai kuwa taƙaita abin ga kifi ba. Imam Bukhari ya kawo daga Umar ɗan Khaɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, cewa farautar ruwa ita ce abin da aka kamo, abincinsa kuwa shi ne abin da ruwan ya jefo waje. Ya kawo kuma cewa Abubakar Siddiƙu yana ganin halaccin kifin da ya mutu ya taso saman ruwa.

Imam Malik a cikin Muwaɗɗa, da ma'abota Sunan guda huɗu, sun ruwaito daga Abu Huraira cewa wani mutum ya gaya wa Annabi (S.A.W) suna shiga teku da ɗan ruwan sha kaɗan, in sun yi alwala da shi ƙishirwa za ta kama su, ko za su iya alwala da ruwan teku? Annabi (S.A.W) ya ba shi amsa da tsarkin ruwan, sannan ya ƙara masa da abin da bai tambaya ba, wato halaccin mushen teku. Ka lura, mushen teku aka ambata gaba ɗaya, ba mushen kifi kaɗai ba.

Akwai kuma hadisin Jabir ɗan Abdullahi a Bukhari da Muslim. Sahabbai ɗari uku ne ƙarƙashin Abu Ubaida ɗan Jarrahi guzuri ya ƙare musu har suka koma cin ganye, sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabba matacciya da ake kira Anbar. Suka yi kusan rabin wata suna ci. Da suka komo Madina Annabi (S.A.W) bai yi musu inkari ba, har ya nemi a ba shi ragowar ya ci. Wannan ya nuna ba don lalurar yunwa kaɗai aka halatta musu ba.

Kada ka ce wannan na teku ne, mu kuwa kogi muke da shi. A Suratu Faɗir aya ta 12 Allah Ya ambaci ruwa mai daɗin sha da ruwa mai zartsi, Ya kira su da suna ɗaya, Ya ce daga kowannensu ana cin ɗanyen nama. Don haka Kogin Haɗejiya, da Tafkin Nguru, da kududdufin da ambaliya ta bari a fadama, duk hukuncinsu ɗaya da teku.

Saɓanin malamai

Malikiyya su ne suka fi kowa faɗaɗawa. A wurinsu duk halittar ruwa halal ce, a raye aka same ta ko a mace, ko da kuwa tana iya daɗewa a tudu. Shi ya sa gaiwa, wadda ke shigewa cikin laka idan ruwa ya janye ta kwashe watanni a ciki har a tono ta da rani, ba ta buƙatar yanka. Haka suka ce game da ƙififiya, da ƙaguwa, da kwaɗon ruwa, har da kada.

Hanafiyya su ne suka fi ƙuntatawa. Ba su halatta komai daga ruwa sai kifi, kifin ma ban da wanda ya mutu da kansa ya taso. Suna kafa hujja da aya ta 157 a Suratul A'araf, wadda ta haramta ƙazantattun abubuwa, da ruwayar Ibn Umar da ta ware mushe biyu, kifi da fara. A wurinsu kawa da ƙaguwa ba sa halatta, jatan lande kuwa malamansu na baya sun yi saɓani a kai, gwargwadon ko ana kiransa kifi ko ba a kira. Idan ka zauna cin abinci da ɗan Fakistan ko Baturke ka ga ya ture kawa gefe, to ga dalilinsa, kada ka matsa masa.

Shafi'iyya da Hambaliyya suna tsakiya. Abin da ba ya rayuwa sai a ruwa halal ne a wurinsu bisa zance mafi inganci, kawa kuwa tana cikin wannan. Amma duka biyun sun haramta kwaɗo, kuma sun hana kada.

Abin da ya fi ƙarfin dalili game da kawa shi ne halacci, saboda ayar da hadisin duk sun zo a game, kuma ruwayar Ibn Umar ta ambaci kifi ne ba tare da ta kore waninsa ba.

Kwaɗo kam muna ganin a bar shi, kuma mun san wannan ya shafi Haɗejiya, inda ake busar da burduddugi ana lodinsa zuwa kudu. Abu Dawuda da Nasa'i sun ruwaito daga Abdurrahman ɗan Usman cewa wani mai magani ya tambayi Annabi (S.A.W) game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana kashe shi. Abin da aka hana kashewa ba a samun hanyar cinsa. Wanda ya tsaya kan mazhabarsa ta Malikiyya a wannan ba a fasiƙantar da shi, amma hadisin ya inganta, kuma fita daga saɓani ya fi kwanciyar rai.

Kada kuma ka haɗa kawa da dodon koɗi, wanda za ka gani a gidajen abinci na kudu. Shi na tudu ne. Malikiyya suna ba shi hukuncin fara: a kashe shi da niyya da bisimillah, ko da ta hanyar jefa shi a tafasasshen ruwa ne, wanda aka tsinta a mace kuwa ba a ci.

Wata ƙila ka ce ko da halal ce, ranka ba ya so. Wannan ba laifi ba ne. An kawo gasasshen damo gaban Annabi (S.A.W) ya janye hannunsa, Khalid ɗan Walid ya tambaye shi ko haramun ne, ya ce a'a, sai dai ba a saba da shi a ƙasar mutanensa ba, ransa yana ƙyamarsa. Khalid ya jawo ya ci yana kallonsa. Bukhari da Muslim suka ruwaito. Ƙyamar Bahaushe ga kawa irin wannan ce. Laifin shi ne ka mayar da ƙyamarka hukunci, ka riƙa kiran abincin wasu Musulmi haramun.

Cin ta ɗanya, da abin da ake haɗa ta da shi

Kawa halitta ce mai taushin jiki a tsakanin ɓawo biyu, 'yar'uwar ƙumbar da akan tsinci ɓawonta a bakin rafi. Ba ta yawo, takan manne ne a jikin dutse ko saiwar itace, ta riƙa zuƙar ruwa tana tace abincinta daga ciki. A nan amfaninta yake, a nan kuma haɗarinta yake: duk abin da ke cikin ruwan yana taruwa a jikinta. Idan ruwan ya gurɓata da bayan gida, tana iya ɗaukar ƙwayar ciwon hanta nau'in A da ƙwayoyin amai da gudawa. A ruwa mai ɗumi kuma akwai wata ƙwaya 'yar'uwar ta kwalara, wadda ke iya kashe mai ciwon hanta, ko mai ciwon sukari, ko wanda garkuwar jikinsa ta yi rauni. Lemon tsami da barkono da ake matsawa a kai ba sa kashe waɗannan ƙwayoyi. Wuta ce ke kashe su.

Shari'a ba ta shar'anta dafa halittar ruwa ba. Amma Allah Ya hana mutum jefa kansa cikin halaka a Suratul Baƙara aya ta 195. Don haka wanda yake da ɗaya daga cikin waɗancan cututtuka, da mace mai ciki, da ƙaramin yaro, su ci dafaffiya ko gasasshiya. Wanda ya san jikinsa ba ya karɓar jatan lande ko kawa, yana yi masa borin jini ko toshewar numfashi, to a kansa shi kaɗai sun haramta saboda cutarwa. Kawar da ɓawonta ya buɗe kafin a dafa, aka ƙwanƙwasa bai rufe ba, ta mutu, a zubar da ita. Ba don mushe ce ba, don ta fara lalacewa ne.

A irin waccan rumfa abin da ya kamata ka tambaya shi ne romo da mai. A girkin Turawa akan dafa dangin kawa da farar giyar inabi, akan kwaɓa fulawar suyar kifi da giyar sha'ir, akan kuma yanka naman alade a cikin miyar da ake yi da su. Cewar da ake yi wuta tana ƙone giyar ba ta isa hujja ba. Ruwan kal da ya samu daga inabi kuwa, tunda ya riga ya juye ya bar zama giya, mai tsarki ne. Ka tambayi mai girki kai tsaye, ba abin kunya ba ne. Idan abokan tafiyarka za su sa a kawo musu giya a kan teburin da kake, ka tashi, domin Tirmizi ya ruwaito daga Jabir hanin zama a kan teburin da ake zagayawa da giya.

Abin da aka rubuta a allon

Ko masu rumfar da gaske suke, ko talla suke, wannan tsakaninsu da aikinsu ne. Amma maganar kanta gaskiya ce, kuma addininka ya riga su faɗa. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta bayyana a rahotonta na 2024 cewa kashi 37.7 cikin ɗari na tarin kifayen teku da ake bibiya ana kama su fiye da yadda suke iya hayayyafa, alhali a 1974 kashi 10 ne kacal. Kawar da ake kiwo kuwa tana cikin abincin ruwa mafi ƙarancin ɓarna, don ba a ba ta abinci, kuma tace ruwan take yi.

Ba sai ka je teku ba kafin ka ga wannan. Ka dubi gida. Kogin Haɗejiya ya samu ne daga haɗuwar Kogin Kano da Kogin Calawa. Idan ya wuce garin Haɗejiya sai ƙasa ta baje, ya rarrabu zuwa Marma da Burum Gana da tsohuwar hanyarsa, ruwan Jama'are kuma ya taho daga kudu, su malale fadamun Kirikasamma da Guri har zuwa Nguru da Gashuwa. Kifin wannan yanki a kan wannan malala yake rayuwa. Idan ruwa ya cika wajen Agusta da Satumba, tarwaɗa da karfasa da bargi sukan fita daga kogi su shiga cikin ciyawa su saki ƙwai, 'ya'yan su yi girma a ruwa marar zurfi inda abinci ya yalwata. Idan ruwa ya fara janyewa sai su nemi hanyar komawa kogi da tafkuna masu zurfi. Waɗanda suka tsira su ne iyayen baɗi.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ta Calawa a 1992. Tun daga nan malalar damina ta ragu, ruwan da ake saki da rani kuma ya sa wasu hanyoyi ba sa bushewa, sai ciyawar kacalla ta samu wurin zama ta toshe su, ta hana kwale-kwale wucewa, ta zama maɓoyar jan baki mai cinye shinkafa. Mun faɗi wannan ne don adalci: ba masunci ne ya jawo mafi girman raguwar kifi ba, kuma masu riƙe da madatsun ruwa suna da tasu tambayar a gaban Allah game da haƙƙin mutanen ƙasan kogi. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Musulmi abokan tarayya ne a ruwa da makiyaya da wuta. Amma laifin wani ba ya wanke na wani. Idan gona ta ƙanƙance, cinye iri ya fi muni.

Cinye irin kuwa shi ne abin da ka gani a kwando. Wanda ya datse mashigar ruwa da dumba daga wannan gaɓa zuwa waccan a lokacin janyewar ruwa, bai bar ko kafa ɗaya ba, ya tare iyaye da 'ya'ya gaba ɗaya, ya kuma tare rabon duk masuntan da ke ƙasa da shi. Wanda ya ɗinke gidan sauro ya mayar da shi taru, ga shi ya kwashe abin da bai isa kamu ba, ga shi ya bar 'ya'yansa ga zazzaɓi. Mafi muni shi ne mai zuba Gamalin ko wani maganin ƙwari a tafki, ko mai jefa nakiya. Wannan yana kashe abin da zai ɗauka da abin da ba zai ɗauka ba, yana gurɓata ruwan da Fulani ke shayar da shanu, da wanda mata ke ɗiba. Ko magimfa da kakanni suka sani, in za ta kashe tafki duka, hukuncinta ɗaya.

Allah Ya zargi wanda ke yawo a bayan ƙasa yana halaka shuka da 'ya'yan dabbobi, a Suratul Baƙara aya ta 205. Ya hana ɓarna a ƙasa bayan gyaruwarta a A'araf aya ta 56, Ya hana almubazzaranci a ci da sha a aya ta 31. A Suratur Rum aya ta 41 Ya danganta bayyanar ɓarna a tudu da ruwa ga abin da hannayen mutane suka aikata. A Suratul An'am aya ta 38 kuma Ya sanar da mu cewa dabbobi al'ummomi ne kamar mu. Idan ka haɗa waɗannan da ƙa'idar kawar da cuta, wadda malaman fiƙihu suka yi ittifaƙi a kanta, hukuncin ya fito: su da guba ko nakiya haramun ne, ko hukuma ta hana ko ba ta hana ba. Balle kuma ta hana, domin dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da abin fashewa da lantarki.

Shin shugaba yana da ikon hana mutane su a wani wuri ko wani lokaci, alhali Allah Ya halatta? Yana da shi, in don maslahar jama'a ne ba don aljihunsa ba. Annabi (S.A.W) ya keɓe makiyayar Naƙi'u, Umar kuma ya keɓe Rabaza don dabbobin sadaka. Wannan shi ake kira hima a littattafan fiƙihu. Don haka idan gwamnati, ko Sarkin Ruwa, ko Bulama ya rufe tafki har zuwa wani wata, ko ya ƙayyade faɗin idon raga, biyayya ta wajaba bisa aya ta 59 a Suratun Nisa'i. Haka nan wuraren da aka keɓe, kamar dausayin Baturiya da aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a 2008, bayan Tafkin Nguru da hanyar Marma da aka sa a 2000.

Ƙasar Hausa ta san wannan tun da daɗewa. Manyan giwan ruwan da ake fitarwa a Matan Fada ranar bikin Argungu ba daga sama suke faɗowa ba, hana su da ake yi a wurin sauran watannin shekara ne ya bar su suka girma. Muna yabon hanin ne, ba camfe-camfen da wasu ke haɗawa da sha'anin ruwa ba, na yanka wa iskoki da neman izininsu, wanda shirka ne kuma dole a nisance shi. Tunda kawa ka tambaya, ga misali daga 'yan'uwanmu na Gambiya. A dausayin Tanbi kusa da Banjul, mata ne ke ɓamɓaro kawa daga saiwoyin itatuwan da ke tsirowa a ruwan gishiri. Da suka ga tana ƙanƙancewa tana ƙaranci, suka kafa ƙungiyar TRY a 2007, a 2012 gwamnati ta damƙa musu haƙƙin kula da wurin, suka taƙaita ɗiba ga watanni huɗu, daga Maris zuwa Yuni, suka daina sare saiwa. Matalauta ne, kuma su suka ɗora wa kansu dokar.

Mun san mai gidan sauron nan sau da yawa ba mugunta ce ta sa shi ba, cefane ne. Amma lalura ana auna ta gwargwadonta. Wanda ya kamo abin da zai sa a miyar gidansa yau daban yake da wanda ke cika kwali yana lodi a mota.

Saye da sayarwa

A nan sai a rarrabe.

Kifin da ka tabbatar, ko zatonka ya rinjaya, cewa da guba aka kashe shi, haramun ne ka ci, haramun ne ka sayar. Ba don ya zama mushe ba, don yana cutarwa ne. Gamalin maganin ƙwari ne da aka sa cikin jerin waɗanda ƙasashen duniya suka amince a daina a 2009, saboda yana daɗewa bai narke ba, yana kuma taruwa a kitse. Banda ba ta fitar da shi. Kai da ka tashi a cikin sana'ar ka fi mu sanin masuntan da ke yi da ƙauyukan da ake yi. Raɗe-raɗi kawai ba ya haramta kayan Musulmi, amma kada ka rufe ido da gangan don kayan sun yi araha. Wannan hukunci ya hau kan wata ɓarnar da ke faruwa a cikin kasuwa ba a bakin ruwa ba: yayyafa fiya-fiya a kan bandar kifi don ƙwari kada su ci. Hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan sa irin wannan magani a abinci. Mai yin haka yana tsare kwalinsa ne da lafiyar wanda zai ci, kuma in da mai saye ya sani ba zai saya ba. Muslim ya ruwaito cewa Annabi (S.A.W) ya cusa hannu cikin tarin hatsi ya ji danshi a ƙasa, ya barranta daga mai algus. Jera manya a saman kwali a cika ƙasa da gutsattsari ma yana ƙarƙashin wannan hadisi.

'Ya'yan kifi kuwa namansu halal ne, wanda ya ci bai ci haramun ba. 'Yar'uwa da ta sayo a kasuwa ta daka a miya babu zunubi a kanta, kuma ba a ɗora mata binciken wace raga aka yi amfani da ita ba. Akwai ma jinsin kifin da ƙanana Allah Ya halicce su, ba sa wuce haka ko sun shekara, waɗannan ba su cikin maganarmu. Amma falke irinka, wanda ke iya bambanta ɗan tarwaɗa da kifin da ya gama girmansa, hukuncinsa daban. Kai ne kasuwar mai gidan sauro. In dai kwandonsa yana samun mai saye kowace safiya, gobe ma zai koma. Allah Ya hana taimakekeniya a kan saɓo a Suratul Ma'ida aya ta 2. Idan hukuma ta hana kama su ko sayar da su a yankinku, saye don kasuwanci haramun ne. Idan babu hani bayyananne, mafi ƙarancin abin da za a ce makaruhi ne, kuma ƙin yana ƙaruwa gwargwadon yadda ɓarnar ta bayyana gare ka. Dillalin da ke ba masunta bashin kuɗi ko raga a kan su kawo masa kamunsu ya fi kowa alhaki, tunda shi yake zaɓar irin ragar.

Tarwaɗar kiwo halal ce, kuma tana rage wa kogi nauyi. Idan ana ciyar da ita mushen kaji ko jini, Malikiyya ba su haramta naman dabba mai cin najasa ba. Hambaliyya suna haramtawa in najasar ce mafi yawan abincinta, har sai an tsare ta kwana uku a kan abinci mai tsarki, Shafi'iyya kuma suna ƙi in warin naman ko ɗanɗanonsa ya sauya. Sauya mata ruwa da abinci na 'yan kwanaki kafin sayarwa ya raba gardama. Idan za a kashe ta a gaggauta da bugu ɗaya a ka, maimakon a bar ta tana birgima a cikin gishiri, saboda hadisin Shaddad ɗan Aus a Muslim da ya yi umarni da kyautatawa har a wajen kisa.

Saura al'adar sayen tafki, inda bayan janyewar ruwa wani zai biya kuɗi a bar masa kududdufi da duk abin da ke ciki. An ruwaito daga Ibn Mas'ud hanin sayen kifi a cikin ruwa saboda garari ne, wato ba a san yawansa ba, ba a kuma tabbatar da kama shi ba. Malamai sun sauƙaƙa idan wurin mallakar mai sayarwa ne, ƙarami ne, ana ganin kifin, kuma kama shi ba wuya. In ba haka ba, a jira a kamo a auna, sannan a yi ciniki. Wanda kuma ya riga ya biya, biyansa bai halatta masa zuba magani don ya mayar da kuɗinsa ba.

Allah ne Mafi sani.